Yadda Na Zama Ɓarawon Waƙata

Edita, a wancan lokacin ni tela ne a Daura, mai keke ɗaya a ɗan shago, ina taka shi ina rera bege. Akwai wata waƙar yabon Manzon Allah da na daɗe ina gyara baitocinta, har Allah ya nufa na shiga situdiyo aka ɗauke ta. Don zumuɗi na tura wa maƙwabcin shagona, mai sana'ar turi, irin masu zuba wa mutane waƙoƙi a memori, na ce ya saurara kawai ya faɗa min ra'ayinsa.

Ashe masu turi suna da wata ƙazamar dabara. Waƙar wanda ba a sani ba ba ta tafiya, don haka sai su goge sunansa su liƙa na wani shahararren sha'iri. Haka ya yi min. Kafin in farga waƙata ta cika tasha da teburan masu shayi, kowa na tura wa ɗan'uwansa da sunan wani. Da na same shi ko a jikinsa. Wai me ya sata, tunda waƙar tana nan a wayata ba ta ragu ba, in akuya ya kwance min sai in kai shi gaban alƙali. Har cewa ya yi in gode masa, ya taya ni yaɗa alheri. Yana faɗa yana tauna goro.

Bayan nan aka gayyace ni wata walima a Dutsi. Ina ɗaukar waƙar jama'a suka karɓi amshi, daɗi ya kama ni. Da na sauka wani dattijo ya ja ni gefe, ya ce muryata ba laifi, amma in ji tsoron Allah in riƙa ambatar mai waƙa, cin gumin wani ba kyau. Na rantse masa tawa ce. Ya nuna min sunan da ke wayarsa, ya dube ni da tausayi. Tun ranar ban sake rera ta ba, ƙyamar kaina nake ji kamar da gaske satowa na yi.

Abin da na gane shi ne, ana iya yi wa mutum sata kayansa na hannunsa. Masu danna turi, kafin ku tura waƙa ku tambaya ta wane ne, kuma ko ya yafe. Ni dai har yau ban yafe ba.