Busar Babanmu a Lusail

Asian Town, 4:10 na asuba

Motar kamfani ba ta jiran kowa, don haka da alwalata na shiga, babbar rigata a leda. Ranar ce za a yi busar babanmu a Lusail, ni kuwa sunansa zan kai musu.

Ga yadda aka yi. Lokacin korona ina gadin wani bene a Nu'aija aka bugo mini cewa Baba ya rasu. Ba jirgi, ba hanya, a waya na yi zaman makoki. Makiyayi ne, yana da wata busa da ya ƙirƙiro da kansa, da ita yake taso da shanu daga mashaya. Na riƙa yin ta da sarewata a bakin get. Wata Baturiya a hawa na biyu, mai busa sarewar ƙarfe kuma mai tsara kiɗa, ta sauko da takunkuminta ta naɗa a waya. Ta tambaye ni ta wane ne. Ku na gida kun sani, ɗa ba ya kama sunan ubansa gatsau, balle ya yabe shi gaban baƙo. Sai na ce ta mutanenmu ce tun kaka da kakanni. Ni kawaici na yi, ita kuwa rubutawa ta yi.

Nu'aija, 1:00 na rana

Mutala, abokin aikina ɗan Kumasi, ya karɓe ni rabin yini, yana tsiya wai yau ɗan Fulani zai zauna kujerar manya. Na kora shayin madara da suke kira karak na riyal ɗaya. Baturiyar nan ta tashi daga benen tuni, amma ta aiko da gayyata, ta ce in zo ƙarfe uku mu gaisa kafin a fara. A wajen gaisuwar nan na ƙudurta zan gyara ɓarnata.

Tashar Lusail, 2:40

Ashe ranar akwai wasan Kofin Duniya. Jirgin ƙasa ya cika maƙil da masu ganguna da tutoci. Da muka sauka aka kora mu cikin shingen ƙarfe, ana ta "yalla, yalla", wato mu yi sauri. Zauren kiɗan ga shi can ina hange, bai fi kilomita ɗaya ba. Mai tsaron shingen Bazamfare ne, na roƙe shi da Hausa ya bar ni in yanke.

"Ɗan'uwa, oda ce. Kai ma ka san aikin."

Na sani mana, ni ma haka nake wa mutane. Shingen ya yi ta zagaye da mu cikin cunkoso, sai biyar saura minti biyar na isa, rigata sharkaf da gumi.

Zauren kiɗa, 5:00

Su biyu ne kawai, ita da wani dattijo mai fiyano. Kiɗan zamani ne irin nasu: dattijon ya zura hannu cikin fiyano yana tsinkar wayoyi, ita tana hura iska zalla. Na ce a raina wannan ai gyaran mota ne. Can sai busar Baba ta fito tsaf, har da ɗan karkarwar da yake yi a ƙarshe. Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da suka gama ta ce wa jama'a tsohuwar busa ce daga Najeriya, ba a san mai ita ba. Ta nuna ni, aka yi ta tafa mini. Ban taɓa jin tafi mai ɗaci irin wannan ba.

Da aka tashi na same ta a bayan dandamali na faɗa mata gaskiya. Fuskarta ta yi ja.

"Me ya hana ka gaya mini?"

An riga an buga faifai, an rarraba takardun kiɗan, duka an rubuta ba a san mai ita ba. Ta yi alkawarin ambatonsa nan gaba. Ban ga laifinta ba, haushin kaina nake ji.

Asian Town, bayan isha'i

Ina shiga ɗaki yayata Hajo ta bugo daga gida.

"Sun ambace shi?"

"An yi tafi sosai, Yaya."

"Na ce sun ambace shi?"

"A'a. Ni ne ban faɗa ba."

Ta ce Allah ya jiƙansa, ta kashe.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mutala. Mai busar nan kuwa, Baba ka yafe mini, sunansa Habu Ɗan Jauro.