Tambayar da Na Yi wa Baba a Gaban Abokansa

Shekarun baya, ina aji biyar a firamaren garinmu 'Yankuzo, aka zaɓe ni cikin yaran da za su je wani ajin dogon hutu a Gusau. Wasu malamai ne suka shirya shi don yaran da suka yi gaba a karatu. Mako uku ne, babu jarrabawa, babu hadda, sai koyon tunani. Mahaifiyata ba ta so ba, ta ce damina ce, wa zai riƙa kai abinci gona? Mahaifina ya ce shi zai riƙa tafiya da abinsa tun safe. Shi ya goya ni a babur har tashar Tsafe, ya damƙa ni a hannun direba, ya ce a sauke ni gidan gwaggona.

Kafin wannan tafiya ni ce abokiyar hirar Baba. In na kai masa abinci sai ya zaunar da ni a bakin kunya yana nuna mini abubuwa: wace ciyawa ce ke fitowa in ƙasa ta gaji, wane hadari ne ke zuba, wane ne ke wucewa. Yana magana ina wasa da ƙasa, ban riƙe ko rabi ba.

Ajin ya burge ni ƙwarai. Malamarmu ba ta ba da amsa. Ta taɓa sa mu gano tsawon wata darbejiya ta hanyar auna inuwarta, muka yini muna gardama. Duk abin da ka faɗa sai ta ce, "Ta yaya ka sani?" Wata rana ta rubuta a allo cewa maganar da ba ta da hujja zato ce. Na kwafe a littafina, na ja mata layi biyu.

Na dawo gida ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro tunani. Ƙannena sun sha wahalata, ko cewa suka yi miya ta yi gishiri sai sun kawo hujja.

Kwana huɗu da dawowata, bayan la'asar, aka aike ni in kai wa Baba fura a ƙofar gida. Yana zaune a tabarma da abokansa uku. Ina ajiye ƙwarya na ji yana cewa, "Bana ruwa da wuri za shi ɗauke. Wanda bai shuka wakensa ba ya hanzarta."

Sai na miƙe na ce, "Baba, mene ne hujjarka? Malamarmu ta ce maganar da ba hujja zato ce kawai."

Abokansa suka yi dariya. Ɗayansu ya ce, "To Malam, ka kai ɗiya birni, ga shi an dawo maka da alƙali."

Baba ya yi murmushi, ya dube ni ya ce, "Gaskiyarki. Shiga gida."

Bai yi mini faɗa ba, ko da wasa. Amma daga ranar, in na kai abinci gona sai ya karɓa ya sa mini albarka, ya ce in koma kada rana ta dake ni. Ban ma lura da wuri ba, murna nake na huta. Ko ruwan ya ɗauke da wuri a shekarar, wallahi ban iya tunawa.

Da hutu ya zagayo aka sake kiran mu, shi ya sake kai ni tasha. A makon ƙarshe malamar ta ba mu aiki: kowa ya samu wani babba a gida, ya tambaye shi wani abu da ya sani, da yadda aka yi ya san shi. Ta ce manoma suna da hujjoji na shekara da shekaru, ba su dai rubuta ba ne. Nan take na tuna da Baba.

Ina dawowa na bi shi gona da littafi da biro. Na ce, "Baba, don Allah yaya kake gane ruwa zai ɗauke?"

Bai ɗago daga kan fartanya ba. Ya ce, "Ai zato ne kawai, ɗiyata. Tambayi malamanku, su suka sani."

Na juya. Na ce a raina zan sake gwadawa wata rana. Da rani ya kwanta rashin lafiya, ko mako biyu bai yi ba Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan na yi aure na samu ƙarfin tambayar mahaifiyata ko ya rasu yana fushi da ni. Ta ce, "Fushin mi? Cewa ya yi yana tsoron ya faɗa miki abin da za ki kai makaranta a yi miki dariya."

Yanzu ina koyarwa a Bungudu, kuma ina yi wa ɗalibaina irin waccan tambaya, don ba ita ce ta yi laifi ba. Ni ce na yi ta don a ga na iya tambaya, ba don in ji amsa ba. Shi kuwa yana da amsar, ya tafi da ita. Allah ya jiƙan Baba.