Mai Amsa wa Ramatu Gaisuwa

A shekarun da ake aikin furoje na farfaɗo da ƙasar noma a duwatsun Keita, mahaifiyarmu tana cikin matan da ke ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a gangaren tudu don a tare ruwan sama. Inna takan dawo da yamma wuyanta a sage, ta ci tuwo, ta yi isha'i, ta miƙe a tabarma ko sauro ba ta iya kora. Shi ya sa hira ta koma hannun Kaka. Ƙauyenmu yana kusa da Garhanga, kuma idan ɗari ya shigo bayan an zuba hatsi a rumbu, sanyin dutse ba ya jin lallashi. Kaka takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, kowa ya cusa 'yar gujiyarsa a toka yana gadi kada a yi masa sata.

Ni ce babba a ɗakinmu, Ramatu ce auta. Yarinya ce 'yar firit, amma Allah Ya ba ta maƙogwaro. Idan ta ƙwala kira daga bakin rijiya, masu ban-ruwan albasa a fadama sai sun ɗaga kai. Kaka tana ce mata zabiyar gida. Duk tatsuniyar da ke da waƙa a ciki, Kaka za ta rera sau ɗaya da tsohuwar muryarta, Ramatu ta karɓe ta kai ta inda babu mai iya bin ta.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara itacen wuta ta ce, "Ga baƙuwa tahe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Sannan ta ƙara da cewa, "Wanda duk yay yi kwana, ba ni maimaitawa."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Dela da kanari. Wai an yi wata yarinya mai muryar kwaɗo, ko niƙa take yi ba ta waƙa don kada a yi mata dariya. Wata bazara ruwa ya ƙafe, ta ga kanari ya faɗi gindin gawo ƙishirwa za ta kashe shi, sai ta ba shi ruwan goranta. Da ya farfaɗo ya ce zai ara mata muryarsa. Sharaɗi ɗaya ne: duk lokacin da ya zubar da gashi, shi ma ba ya kuka, don haka ita ma ta kama bakinta har sabon gashi ya fito. Idan ta furta ko kalma ɗaya, muryar ta tafi ke nan.

Dela ta zama abin kwatance. Ba a biki sai da ita, 'yan kasuwa su bar ciniki su tsaya saurare. Da lokacin ya zo ta yi gum. Ƙawaye suka tsokane ta, ba ta tanka ba. Samari suka yi mata ba'a, ta wuce. Saura kaɗan gashin kanari ya cika, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da sassafe, sai ta haɗu da wata tsohuwa mai sanda. Nan Kaka takan rage murya, ta sunkuya kamar ita ce tsohuwar.

"Ina kwana, ɗiyata? Dela ba ta ce komi ba. Tsohuwa tas sake, ina kwana, ɗiyata? Shiru. Sai tsohuwa tac ce, ashe ɗiyar mutane ta yi girman da ba ta amsa gaisuwar tsohi. To kunya tak kama Dela. Tas sunkuya, can ƙasa-ƙasa, da raɗa, tac ce lahiya lau."

Shi ke nan. Ta koma gida ta buɗe baki, sai kukan kwaɗo. Kaka ta kaɗe zanenta ta ce, "Ƙurunƙus. Wanda yas so ƙari shi tambayi kusu."

Mun tsani ƙarshen nan. Ramatu har kuka ta yi ranar farko, wai a kira kanari a ba shi haƙuri. Kaka ba ta taɓa gaya mana darasin tatsuniya ba, sai dai ta ce mu kwana da ita. Mu yara muka yanke wa kanmu cewa maganar alkawari ce, tunda ko a lakwal, wato makarantar boko, haka malaminmu yake faɗa, alkawari kaya ne. Na girma, na yi aure, na zama mai koyarwa a Keita, duk ina ɗauke da wannan fahimta.

Ramatu kuwa kawunmu ya ɗauke ta zuwa Yamai ta yi karatu. A lise, wato babbar sakandare, wata malamar kiɗa ta ji ta, ta kafe sai da aka sama mata gurbin karatun waƙa a Faransa. Baba ya daɗe bai yarda ba, daga baya ya sa albarka da sharaɗin kada ta bar salla. Abin da ta koya ana ce masa opera, wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba lasifika, muryar mutum ita kaɗai za ta haye kan makaɗa ta cika babban zaure. Ko a cikin masu yin sa, irin muryarta ba ta da yawa. Ita ce mai hawa can ƙololuwa, tana gudu sama da ƙasa tana karkaɗawa. Da na kunna wa Inna a salula, ta saurara ta ce, "Wagga ai guɗa ta, sai dai ba ta kama hanci ba." Ta yi yawo ƙasashe, tana fitowa sarauniya yau, gobe 'yar aiki, jibi mahaukaciya. Kaka ba ta ga ko ɗaya ba, ta riga mu gidan gaskiya tun Ramatu tana Yamai.

'Yan shekarun baya, wata rana ta kira ni muryarta a dishe. Wata 'yar jijiya ce ta fashe a maƙogwaronta tana tsakiyar wasa. Likita ya ce ta yi shiru ɗungurungum na makonni. Idan ya warke da kansa, to. Idan bai warke ba sai wuƙar tiyata, kuma bayan wuƙa babu mai tabbatar mata muryar sama za ta dawo. Ta ce mini abin da likitan ya fi jaddadawa shi ne kada ta yi raɗa, wai raɗa ta fi magana wahalar da maƙogwaro. Sannan ta ce za ta taho gida ta huta, can babu waya mai damun ta, babu 'yan wasa. Na ce Allah Ya kawo ta lafiya. Ni da ita duka mun manta da irin garin da ya haife mu.

Aiki ya riƙe ni a Keita, sai bayan 'yan kwanaki na sami mota. Tun daga zaure na ga takalma jibge. Mata cike da tsakar gida, wata da fura, wata da ƙwan zabi, an zo sannu da zuwa an haɗa da dubiya. A wurinmu gaisuwa ba kalma ɗaya ba ce. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen can, ya jiki, ya ƙarin haƙuri, kuma kowace sai an amsa. Na leƙa ɗaki na ga Ramatu durƙushe, kanta a ƙasa, tana amsa wa kowa da raɗa. Tun ranar da ta iso haka take yi. Inna ta ɗauka raɗa ba magana ba ce. Na ji tsoro ƙwarai, don ban san ɓarnar da aka riga aka yi ba.

Na sallami waɗanda ke ciki da dabara. Ban gama ba sai ga Gwaggo Tsahara, yayar Baba, matar da duk ƙauyen ke shakkar harshenta. Ta tsaya bakin ƙofa da sandarta.

"Ina wuni, Ramatu?"

Na harari Ramatu. Ta sunkuya, ta dafa ƙirji, ba ta ce komai ba.

"Ina wuni nic ce."

Shiru.

"Iko sai Allah," in ji Gwaggo. "Ni niy yi miki wankan jego ke da uwarki. Yau Turai ta cinye miki baki?"

Na ga idon Ramatu ya kawo ruwa, leɓenta ya fara motsi. Ban san lokacin da na kai tafin hannuna na toshe mata baki ba. Na ce, "Lahiya lau, Gwaggo. Ta gode. Ta same ku lahiya?"

"Ke nit tambaya?"

Na durƙusa na yi mata bayani. Na faɗi jijiya, na faɗi likita, na faɗi wuƙa. Ba ta gamsu ba, ta ce ai ciwon wuya citta da zuma ne maganinsa. Sai na ce, "Gwaggo, mai ɗanyen jego ana sa ta daka?"

"Wa ka sa ta? Sai marar imani."

"To maƙoshinta na ka jego. Amsa gaisuwa guda kamar ɗaukar taɓarya ta."

Gwaggo ta dubi Ramatu. Can ta juya wajen Inna ta ce, "Ku kuma kuna zanne kun bar ɗiya tana daka? Ba ni tabarma."

Tun daga ranar ta kafa zama a ƙofar ɗakin, kamar yadda babba ke zama ya karɓi gaisuwa a madadin gida ranar suna ko makoki. Kullum da hantsi za ta iso da goronta. Duk wanda ya zo, ita ce bakin Ramatu. "Ta amsa. Ta ce ina yara. Ta ce hurarki ta yi daɗi, amma gobe a rage tsami." Ramatu ba ta ce ko ɗaya ba, tana ciki tana toshe baki da gyale don kada dariya ta ƙwace mata, ita ma an hana. Wata maƙwabciya ta ce ita dai sai ta ji daga bakin mai ita. Gwaggo ta ce, "In kin gaji da nau baki, ga hanya." Har maigari da ya zo, Gwaggo ce ta amsa masa, kuma bai ga laifi ba. Babu wanda ya koma gida yana cewa an wulaƙanta shi.

Da wa'adi ya cika na raka ta Yamai. Likita ya zura 'yar fitila ya duba, ya daɗe yana kallo, ni kuma ina ta salati a zuci. Ya ɗago ya ce ya warke, ba sai an yi aiki ba, ta fara magana a hankali. Sai na zauna a kujerar da ba a ba ni ba. Muryar sama ba ta dawo nan take ba, sai da ta yi watanni tana lallaɓa ta, amma ta dawo, har yau tana wasanta.

A motar komawa ne na sake juya tatsuniyar Kaka. Shekara da shekaru ina ganin laifin Dela, wai ba ta riƙe alkawari ba. Yanzu na ga ba ta da laifi. 'Yar da aka yi wa tarbiyya a ƙasarmu za ta iya jure ba'a da tsokana, amma ba za ta iya jin tsohuwa ta gaishe ta ta yi shiru ba. Abin da ya kashe muryar Dela shi ne ta tafi rijiya ita kaɗai. Tana da uwa, tana da yayye, amma babu wanda ya ɗauki tulu ya bi ta. Ban sani ba ko abin da Kaka take nufi ke nan. Na dai san baiwar mutum ɗaya, gida guda ke tsaron ta.

Na ce motar komawa, don Ramatu ta ƙi hawa jirgi daga Yamai. Ta ce akwai gaisuwar mutane a kanta. Muka sake bin doguwar hanyar nan ta Tawa har gida, ta bi ƙauyen ƙofa ƙofa, ina biye da ita. Gidan Gwaggo Tsahara muka fara shiga. Muka same ta tana tsince wake a faifai. Ramatu ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta ce da 'yar siririyar murya, "Ina wuni, Gwaggo?"

Gwaggo ta ɗago. Ta buɗe baki, ta rufe. Hawaye suna sauka cikin waken. Tun da nake ban taɓa ganin magana ta gagare ta ba. Muka jira, ba ta iya ba.

Sai na matsa kusa da ita na ce, "Lahiya lau, Ramatu. Ta amsa."