Malamin Daji da Alhajin da Bai Zo Ba

Kullum da hantsi Malam Abdulgani, malamin daji na garin Isa, yakan ɗaure littafi a bayan babur ya nausa jeji. Shekara talatin da ɗaya yana rubuta duk mai ran da ya gani: bushiya, damo, kunkuru, har wani kwaɗo da kukansa ke kama da tarin tsohuwa. Ni da bokona ya tsaya a aji uku, saboda kwaɗon nan na fara bin sa.

Bara aka ba ofishinsu wayar shinge, wadda ba za ta kewaye fiye da wuri uku cikin wurare sha tara da ke buƙatar kariya ba. Aka ce algorizim ne zai zaɓa. Mutanen Tozai suka ji "Alhaji Gorizim", suka share gari, Maliki mahauci ya kayar da rago. Sai ga wata ma'aikaciya, Lubna, da kwamfuta a jaka. Ashe Alhajin lissafi ne a cikin na'ura. Ragon dai an cinye.

Na'ura ta zaɓi manyan dazuzzuka uku, ta bar ɗan tafkin da ke kusa da Burkusuma, inda gauraki biyun da suka rage mana ke ƙwai, shanu na tattake sheƙarsu.

Malam ya duba, ya ce, "Ɗiyata, Alhajinku bai taɓa cefane ba. Duk ukun iri ɗaya ne, sabara nan, sabara can. Mai 'yan kuɗi ba shi sayen gishiri sau uku shi koma gida babu daddawa."

Lubna ta yi dariya, ta ce ai abin da ya faɗa shi ne dokar da aka koya wa na'urar, sai dai ba wanda ya gaya mata akwai gauraka. Kwana huɗu yana karanta mata littattafansa tana bugawa, har da kwaɗo mai tari. Da aka sake tambayar Alhaji, tafkin ya fara ambata, aka kewaye shi da waya.

Kai ne ka yi wa makaho jagora, Abdulgani, ba ka ce a rubuta sunanka ba. Bana ka aje aiki, gauraki sun zama biyar. Mun gode, Allah shi saka da alheri. Samari, ku ɗauki alƙalami ku bi sawunsa, na'ura ba ta san inda ƙafa ba ta taka ba.

Maliki kuwa har yau yana jiran Alhaji ya zo ya yi godiyar rago.