Wakilin Kamfani a Zaurena

Shekarar da muka sa sola a gidanmu na Gwaram yara suka tayar da maganar dish. Kafin nan ba su da bakin magana, domin wutar lantarki a unguwarmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Da talabijin ta samu wuta tsayayya, sai aka ga ba abin da take nunawa sai yayyafi. Ni ma na gaji da zuwa gidan kallon ƙwallo ina zama a benci ɗaya da ɗaliban da na yi wa faɗa da safe a makaranta.

Matata ta ce ai abu ne mai sauƙi, a kira ƙaninta. Ƙanin nata yana da shago kusa da tasha a Birnin Kudu, cike da dish da risiba da rimot, kuma duk rufin da ka ga an kafa wa dish daga Kiyako har Sara, da wuya in ba shi ya hau ba. Injiniya ake ce masa. Akwai wasa tsakaninmu irin na miji da ƙanin mata, ba ma haɗuwa mu rabu bai ce na ramar masa da yaya ba.

Na ce a'a, wurin kamfani zan je kai tsaye. Dalilin da na ba ta shi ne kayan kamfani suna da garanti. Dalilin da na bar wa cikina kuwa daban ne. Kamfani in ya cuce ka, kana iya ɗaga murya har maƙwabta su ji. Ƙanin matarka in ya haɗa ka da risiba mai ciwo, sai dai ka yi masa godiya, in kuwa ka yi ƙorafi, kafin la'asar zancen ya isa kunnen surukarka.

"To Malam, Allah ya ba da sa'a," in ji matata, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar wata Asabar na shiga mota zuwa Kano. Ofishin kamfanin sanyi kamar randa, ga kujeru a jere, ga wata budurwa a bayan gilashi tana ce mini yallaɓai. Ta ba ni kaya a kwali a liƙe, ta gargaɗe ni kada in bar kowa ya kafa, domin in wani hannu ya taɓa ban da nasu, garanti ya tashi. Za su turo mini ƙwararren wakilinsu har gida. Kalmar ƙwararre ta yi mini daɗi, na yi ta juya ta a baki har Wudil.

A dawowa direba ya tsaya sauke fasinja a Birnin Kudu, bai ga wurin tsayawa ba sai daidai ƙofar shagon Injiniya. Dish ɗin yana ɗaure a saman mota, babu yadda zan yi da shi, amma kwalin da ke kan cinyata na lulluɓe shi da babbar riga, na sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, har muka tashi.

Ƙwararren bai zo ba a makon nan, bai zo ba a na gaba. Dish ya jingina da bango a tsakar gida, kaji suka mai da bayansa wurin shan inuwa. Kwalin kuwa matata ta shimfiɗa masa ƙyalle ta ɗora flas ɗin shayi a kai. Na yi ta kiran lambar da aka ba ni. Wata murya takan ce in danna ɗaya, in na danna ta ce in danna uku, daga nan a sa mini kiɗa. Na haddace kiɗan nan har na kama kaina ina yin sa da baki a cikin aji. Ranar da Allah ya haɗa ni da mutum mai rai, ya ba ni haƙuri da Turanci, ya ce wakilinsu na yankinmu zai kira ni.

Washegari waya ta yi ƙara. Na duba, lambar ƙanin matata.

"Salamu alaikum. Da kwastoma nake magana?"

"Kai, wane irin kwastoma? Ni ne."

"Yallaɓai, daga kamfani ne. An turo mini sunanka da adireshinka. Ko za ka kwatanta mini gidan?"

Gidan da ya ci tuwo a cikinsa sau ba adadi. Na kwatanta masa.

Ya zo a kan babur, sanye da riga mai tambarin kamfani wadda ban taɓa ganin sa da ita ba. Ashe ya daɗe da zama wakilinsu na wannan yanki, ni ne ban taɓa tambaya ba. Ya yi sallama ya tsaya a zaure sai da aka yi masa iso. Yayarsa ta fito, ya gaishe ta da "Hajiya, ina wuni," ita kuma ta amsa masa da "Sannu da zuwa, ma'aikaci," ta koma ciki tana toshe baki da mayafi. Nan na gane su biyun sun riga sun gama magana.

Aiki ya yi shi tsaf, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai komai bisa dokar kamfani. Wayar da ke cikin kwali ba ta kai falo ba, ta tsaya a ɗakin yara. Na ce ya ƙara daga wadda na gani naɗe a bayan babur ɗinsa. Ya ce waccan ta shago ce, shi kuwa yau kamfani ne ya zo, in ya haɗa wayar da ba tasu ba garanti ya tashi. Haka aka kai talabijin ɗakin yara. Na koma kallon ƙwallo a zaune a kan katifar autana, in an ci ƙwallo in yi ihu a hankali.

Da damina ta kankama, wata iska ta zo da yamma ta karkatar da dish, hoto ya ɗauke. Washegari kasuwar Gwaram ke ci, na san yana gari, na kira shi. Ya zo kuwa, cikin kayan gida, ya ce mini yaya, ya zauna a zaure aka kawo masa fura. Na nuna masa rufi. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce ai ɗan juyi ne kawai, ko tsani ba sai an jingina da kyau ba.

"To bismilla."

"Yaya, ba ni da iko. Sai ka kira su sun buɗe maka ƙorafi, su turo mini saƙo, sannan in hau."

"Ga ka, ga dish, ga tsani!"

"Ni ma ina ganin su."

Na zauna kusa da shi na kira kamfani. Na danna ɗaya, na danna uku, kiɗa ya tashi. Yana shan fura yana kaɗa ƙafa, har ya ce ashe kiɗan nasu da daɗi, shi bai taɓa ji ba. Da ƙyar wani ya ɗauka ya ce zai rubuta ƙorafina. Muna nan har aka kira la'asar, muka je masallaci tare muka dawo, saƙo bai zo ba. Ya yi mini sallama ya hau babur.

Abin da ya kawo ƙarshen wasan shi ne zuwan Inna, mahaifiyarsu shi da matata, wadda ta zo mana kwana biyu duba jikoki. Bayan ta huta ta ce a kunna mata tashar da ake nuna Ka'aba. Babbar 'yata ce ta kwashe labari ta faɗa mata, tun daga Kano har fura. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a kira mata Injiniya, ta karɓi wayar.

"Kai, kamfanin ne ya haife ka ko ni?"

Ban ji amsar da ya bayar ba. Kafin azahar dai yana kan rufi, ba riga mai tambari, ba saƙo. Ya daidaita dish, ya sauko ya kwance wayar bayan babur ya ja ta har falo, ya dawo da talabijin mazauninta. Na tambaye shi garanti fa? Ya ce in kai ƙara wurin Inna.

Ni kuma kunyar suruki ta hana ta yi mini magana kai tsaye. Ta dai zauna a kan darduma tana kallon masu ɗawafi, can ta ce wa 'yarta, da muryar da za ta iso inda nake, wai a zamaninsu mai rijiya a gida ba ya zuwa Kano sayen ruwa.

Bayan ta koma da kwanaki, muna cin abinci sai waya ta yi ƙara. Kamfani ne, da Turanci mai laushi, suna sanar da ni cewa sun karɓi ƙorafina, kuma ƙwararren wakilinsu yana nan tafe. Na yi musu godiya. Matata ta ce in tambaye su ko a ajiye masa tuwo.