Yadda Mushe Labo Ya Rasa Gonar Aro

Labo ƙanen mahaifiyarmu ne, kuma shi ne na farko a zuriyar kakansu Malam Tala da ya taɓa karɓar albashin gwamnati, in dai abin da ake ba malamin kwantaragi ya isa a kira shi albashi. An haife shi a Gangara, a gidan fatake waɗanda kakanninsu suka hauro daga ƙasar Katsina da jakunansu. Ba su zo da gona ba, ba su kuma taɓa samun wadda ta ishe su ba. Ƴan'uwansa suka bi kasuwanni, shi ya bi lakol, wato makarantar boko. Ya ci jarrabawar birbe, ya yi ɗan horon koyarwa a Maraɗi, aka miƙa masa alli aka tura shi yamma, wani ƙauye a bayan Gidan Sori da ake kira Tudun Kadi. Tun daga nan sunansa ya koma Mushe, yadda ake kiran malamin lakol da faransanci.

Ranar da ya sa hannu a kwantaragi an ce masa abin na ɗan lokaci ne, za a ba shi lamba. Lamba ita ce shaidar an ɗauki mutum cikakken ma'aikaci, mai albashi na gaske da fansho. Labo ya auri Marwa yana jiran lamba, ya yanka ragunan sunan ƴaƴansa yana jiran lamba, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ɗan abin da ake ba su kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Wata ya mutu, wani ya tsaya shi ma ya mutu, babu labari.

Abin da ya riƙe gidansa ba gwamnati ba ce, gonar aro ce. Wani dattijo mai suna Ɗanbaba, wanda gidansu ya daɗe a garin tun kafin a haƙa rijiya, shi ya tausaya wa baƙo ya ara masa wani fili a yammacin gari. Fako ne da ƙuduji, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Sharaɗin aro a can sananne ne: ba a dasa itace, ba a haƙa rijiya, sannan kowace kaka mai aro ya ɗauko dami ɗaya na hatsin da ya fito daga gonar, ya kai ƙofar mai ita da rana tsaka, mutane suna gani. Damin nan ba haya ba ne, don bai kai komai ba. Shaida ne. Yana faɗa wa gari cewa gonar wane ce, wane kuwa aro yake yi.

A nan dole a ba Labo haƙƙinsa, ya yi wa filin nan bauta. In an rufe lakol da damina sauran malamai sai su ɗaure kaya su gudu garuruwansu, shi kuwa ya tuɓe riga ya ɗauki hauya. Marwa tana tara toka da kashin awaki a bayan ɗaki. Da rani ya roƙi Fulani su kwantar masa da shanu, ya ba su hatsi. Cikin ƴan shekaru fakon ya yi laushi, ƙuduji ya ja da baya, har masu wucewa suna tsayawa su dubi zangarniya. Gero da waken gonar nan su ne suke kai gidan Mushe daga kaka zuwa kaka.

Sai dai Labo yana da ciwo guda, ciwon zancen Yamai, babban birnin ƙasa. Rediyo ba ta barin hannunsa. Ya san sunan kowace dokar da ba ta taɓa sa masa ko gishiri a miya ba, in kuma ya zauna wurin mai shayi sai ya riƙa jefa faransanci cikin magana, don a tuna ba da manoma ya yi karatu ba, ko da yake kaushin hannunsa ya fi nasu.

A wata kaka, daidai buɗe lakol, wani dapite, ɗan majalisar yankin, ya zo Gidan Sori ran kasuwa da motoci masu baƙin gilashi. Aka tara malamai a rumfa, aka raba musu lemo mai ɗumi. Dapite ya dafa ƙirji ya ce da hannunsa ya kai wa majalisa daftarin dokar ƙara wa malamai albashi, har da ƴan kwantaragi, kuma kafin sabuwar shekara kowa zai ji nauyin aljihunsa. Tsofaffin malamai suka shanye lemonsu suka tafi cefane, don sun sha jin irin wannan. Labo kuwa ya dawo gida kamar an naɗa shi sarauta.

"An sa hannu?" in ji Marwa, tana sussukar hatsi.

"Ke ba ki san yadda doka take tafiya ba. In ta shiga majalisa, ta shiga ke nan."

"Uhm. Ni dai in na ɗora tukunya ba na kiran yara sai na ga ta nuna."

"Zancen ƙasa nake miki, kina min zancen murhu."

Kafin Juma'a ta zagayo babu wanda bai ji ba. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wa iyayen da suka kawo ƴaƴansu aji. A bakinsa daftari ya zama doka, doka ta zama kuɗi. Mutane suka fara ce masa, "Mushe, an ce kun zama manya." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai abin ya daɗe da kamata.

Da aka gama ɗaurin hatsi, lokacin kai dami ya zo, sai Labo ya ga abin bai dace da shi ba. A ce ma'aikacin da majalisa ta zauna dominsa ya ratsa gari da dami a ka kamar ɗan ƙwadago? Ya sayar da wake, ya sayo shinkafa rabin buhu mai rubutun ƙasar waje, ya ɗora wa ɗan kabu-kabu ya ce a kai gidan Ɗanbaba.

"Mushe, ka kai shinkafar, ka kuma kai damin," in ji Marwa. "Shinkafa kyauta ce. Dami kuwa dami ne."

"Wace irin magana ce wannan? Abin da na aika ya fi damin nesa ba kusa ba. Mutum ya samu ɗaukaka sai ya ɗaukaka wanda ya taimake shi."

Ɗanbaba mutum ne mai kunya. Ya karɓa, ya yi godiya, iyalinsa suka dafa suka ci da mai da yaji. Bai ce komai ba, Labo kuwa ya ɗauki shirun nan yarda ce.

Sabuwar shekara ta shigo, aljihu bai yi nauyi ba. Aka ce daftarin yana hannun wani kwamiti. Daga baya aka ce an mayar wa gwamnati ta duba ko akwai abin biya. Daga baya aka ce majalisa ta tafi hutu, don su ma ƴan Adam ne, zama kan kujera yana gajiyarwa. Wayar dapite ta daina shiga. Labo ya san duk wannan, rediyonsa ba ta ɓoye masa ba. Amma duk wanda ya tambaye shi a gari sai ya ce ana lissafin rapel ne, wato za a haɗa musu na watannin baya a biya gaba ɗaya. Yana faɗin haka yana aron amalanke yana kai taki gona, tsibi-tsibi, yana shirin damina.

Da bazara Cindo ƙanen Ɗanbaba ya dawo daga cirani. Shi ba mai kunya ba ne, ga shi da samari biyu da suka yi aure ba su da wurin noma. Ya zagaya ya ga gonar, ya ga tsibin taki, ya tambayi yayansa ina damin bana, aka ba shi labarin shinkafa. Washegari ya kai ƙara wurin Maigari Ado.

Aka zauna da hantsi a inuwar itacen bedi na ƙofar Maigari. Gari ya taru, don ba kullum ake shari'a da Mushe ba.

"Ranka shi daɗe, tambaya guda gare ni," in ji Cindo. "Wace shekara anka shibka shinkahwa cikin gonarmu?"

Aka yi dariya. Cindo ya jira ta lafa.

"Bana shinkahwa, baɗi shadda. Ran da munka mutu ɗiyanai su tashi su ce ubansu ya biya, ga shaidu sun ga buhu. Wa ya ga dami?"

Labo ya miƙe ya fara bayanin farashin shinkafa da na gero. Maigari ya ɗaga masa hannu. Shi Maigari yana da ƴaƴa a ajin Mushe, ya kuma san in malami ya rasa abin ci a ƙauye tafiya yake yi, a bar yara da rumfar zana babu kowa.

"Zamna, Mushe. Kuskure ne, kowa na yi. Hatsin gonar na nan rumbunka?"

"Yana nan."

"To yau ka ɗauko dami bisa kanka ka kai ma Ɗanbaba, ka ba shi haƙuri. Wagga ta ƙare."

"Wannan guda ke nan, ranka shi daɗe," in ji Cindo. "Ta biyu, don mi anka ara mai gona? Don baƙo ne, albashinai bai zuwa. Yanzu shi da bakinai ya hwaɗi ma gari gwamnati ta ƙara musu. Mai shayi na nan, a tambaye shi. Ni ɗiyana ba dapiten da ya san sunansu."

Maigari ya ajiye carbinsa. Sannan ya juya, ya sassauta murya yadda ake yi wa mutum in ana son ya kuɓuta.

"Mushe, tsakaninka da Allah, ƙarin nan ya iso hannunka? In bai iso ba ka hwaɗi. Ba a amshe aro ga wanda bai da shi, Ɗanbaba ma ba shi yarda. Ko ba haka ba, Ɗanbaba?"

Ɗanbaba ya gyaɗa kai da sauri.

Labo ya gane ƙofar da aka buɗe masa, ba wawa ba ne. "A'a" kawai zai ce ya tafi da gonarsa. Sai ya ɗaga ido ya ga mai shayi ya tsura masa ido, ya ga iyayen yara, ya ga duk waɗanda ya yi rani guda yana karantar da su yadda ake mulkin ƙasa. Ya ji in ya ce a'a, gobe in ya buɗe baki a kan Yamai yara ma dariya za su yi. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ita doka ba a cewa ba ta zo ba. Tana da matakai. Akwai kwamiti, akwai zaman majalisa, akwai sa hannu, sannan ma'aikatar kuɗi ta..."

"Mu ba mu yi lakol ba, Mushe. Akwai ko babu?"

"Akwai," in ji Labo. "A ƙa'ida akwai."

Maigari ya dube shi ya daɗe. Ɗanbaba ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

"To Allah shi sa albarka," in ji Maigari. "Cindo, gona ta koma gida."

A nan ne Labo ya gane abin da ya jawo wa kansa. Amma maimakon ya janye maganarsa, tun mutane ba su watse ba, sai ya ce, "Takina fa?"

"Wanda ƙasa ta ci, ta ci," in ji Cindo. "Wanda ke tsibi, kwashe abinka, Mushe. Ka kai ma majalisa."

Kowa ya ɗauka zafin zuciya ne. Ashe Labo da gaske yake. Duk tsawon bazarar nan, in an tashi aji, sai a ga Mushe da aron amalanke cikin ranar da ko ƙadangare ya nemi inuwa, yana kwaso takinsa daga gonar da ba tasa ba, yana jibgewa a bayan lakol, don ba shi da ko taƙin ƙasa da zai zuba shi. Marwa kuwa ta ɗauki mayafinta. Ta bi gidajen mata tana neman ƴar gayauna, ɗan filin da za ta noma da kanta, aka ce mata matar mai albashi me za ta yi da gayauna. Da ruwan farko ya sauka ta kwashi yara suka tafi Gangara, ta kafa kaskon awara a ƙofar gidan iyayenta. Da shi aka ci damina.

Labo ya zauna shi kaɗai a Tudun Kadi yana kallon geron Cindo yana tashi baƙi ƙirin a ƙasar da ya raya. Da rumbu ya ƙare ya fara awon hatsi tiya-tiya a kasuwa kamar kowane baƙo. Kafin a buɗe lakol ya nemi a canza masa wuri, aka tura shi wajen Cadakori, inda yake har yanzu, inda kuma ba wanda ya ara masa gona. Daftarin dapite bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar tashinsa, motar da ta ɗauki kayansa ba ta ɓace daga gani ba Cindo ya ɗaura wa bijiminsa amalanke, ya kira samarinsa, suka nufi bayan lakol da shebur.