Ranar da Muka Yi Addu'a da Dutse a Kunci

Zan iya manta abubuwa da yawa na zamana a Doha, har da darussan da na sha wahala a kansu, amma ba na jin zan taɓa manta ranar da manyan mutane masu gemu suka jeru a kan kafet, kowa da dutse a kunci, suna cewa amin.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, ina haya a wani tsohon gida a unguwar Bin Omran, kowane ɗaki da ƙasarsa. Wanda ƙofarsa ke kallon tawa wani Ba'indiye ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum mai shiru-shiru da yawan kyauta. Mahaifinsa manomi ne a kudancin ƙasarsu. Gonarsu ta wasu dogayen itatuwa ce masu kama da na kwakwa, 'ya'yansu kuma taunawa ake yi. Wannan gona ita ta koro maƙwabcin nawa zuwa Doha. Bana farashi ya hau, baɗi ya faɗo ƙasa. Shekarar da ruwa ya yi yawa 'ya'yan su ruɓe tun suna sama, shekarar da aka samu albarka kuma dillalai su haɗa baki. Har tsohon ya fara maganar sare itatuwan ya huta. Shi kuwa ɗan, burinsa ɗaya ne a duniya: a samu mai saye tsayayye, ya tattara ya koma wurin matarsa da 'yarsa, wadda ta waya ya ga fara tafiyarta.

Sai ga Kawu. Kawu direba ne, mutumin Zangon Kumasi, dattijon da duk Bahaushen da ya sauka a Doha sai ya ci shinkafarsa. Yana da haƙorin Makka guda ɗaya da yake ji da shi, yana da kuma ciwon da ba ya warkewa, wato rashin goro. Wata Alhamis ya zo duba ni, ya zauna yana ta mita cewa ƙasar da ta ƙi goro ai ba ƙasa ba ce. Maƙwabcina ya nemi in fassara masa. Da ya gane, sai ya shiga ɗaki ya fito da 'yar jaka, ya zazzage wasu ƙwallaye masu ruwan ƙasa a tafin Kawu, ya ce, "Sem-sem," wato duk abu ɗaya ne.

Kawu ya jinjina su, ya sunsuna, ya ɗaga ɗaya wajen haske kamar mai sayen zinariya. Abin da ya cuce mu duka shi ne ranar yana azumin nafila, ni kuma ba na cin goro. Saboda haka babu wanda ya ɗanɗana.

"Kai, wannan goro ne paa, goro na gaske!" in ji Kawu. "Ni ɗan fataken goro ne, a cikin huhu aka yi renona. Gaya mishi ya ce wa Baba kar ya sare ko ɗaya. Daga Kumasi har Kano, bakinmu kaɗai ya isa ya cinye gonar. Khalas, magana ta ƙare!"

Aka tsayar da magana: an yi wa Kawu jika a gida, zai yi walimar suna ranar Juma'a ta sama a Umm Salal, a nan za a raba goron Indiya. Idan jama'a suka yaba, ƙanin Kawu da ke fatauci zai fara ɗauka duk kaka. Duk makon nan maƙwabcina da waƙa yake wanka.

Ranar walima aka kira shi gyaran gaggawa, sai ya damƙa min jakar ya ce zai biyo mu. Ya ƙara wata magana yana nuni da yatsu biyu kamar almakashi, amma ana ta danna min hon a waje, na ce masa yalla, wato sai ka zo, na fice.

Bayan an ci an sha, Kawu ya miƙe ya yi jawabi, ya ce yau Allah ya yaye mana. Aka zaga da faranti. Kowa ya ɗauka ya fara abin da Bahaushe ya saba, wato neman tsagar da zai sa farce ya ɓare. Babu tsaga. Wani ya juya, ya sake juyawa. Wani ya matsa a tsakanin tafukansa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da abin ya ƙi, sai aka fara jefa shi baki ɗungurungum. Na ji ƙaras, ƙaras daga kusurwa-kusurwa, amma ba goron ne ke fashewa ba.

To, ga inda kunya ta kashe mu. Wa zai tofar da goron suna a gaban mai gida? Kowa ya tura nasa kunci ya gyara zama. Malamin da zai yi addu'a, wani ɗalibi ɗan Zariya mai yawan natsuwa, ya ɗaga hannu ya fara da kumburarren kunci, harufa suna fita a karkace. Mu kuma muna amsa amin ta gefen baki, yawu yana taruwa, babu damar haɗiyewa, babu damar zubarwa. Ni da na ɗauka don kara kawai, har hawaye nake yi.

Kawu kuwa ya ga mutuncin fatake zai zube. Ya kalle mu, ya ce, "Ku yaran yanzu ba ku da haƙori." Ya saita ƙwallon, ya rufe ido, ya danna da ƙarfinsa. Muka ji ƙas! Ya buɗe ido a hankali, ya kai hannu baki, ya fito da haƙorin Makka yana ƙyalli a tafinsa. Goron ko gezau.

Daidai nan maƙwabcina ya shigo da gumi, hannu ɗaya riƙe da wani ƙarfe mai kama da almakashi, wanda ashe da shi ake yanka abin siriri-siriri kafin a tauna. Ɗaya hannun kuma waya ce, ya kira mahaifinsa ta bidiyo don ya ga sababbin abokan ciniki. Tsohon ya sa farar riga, ya taje gashi. Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Kawu, ya tambayi ɗansa wani abu. Ɗan ya amsa a sanyaye. Sai tsohon ya ɓace daga fuskar waya, muna jin dariyarsa kawai daga ƙasa. Wannan dariya ce ta kwance mu, kowa ya ruga waje neman inda zai tofar.

Don a yi adalci, aka yanka yadda ya kamata aka sake gwadawa. Maƙogwaro ya shaƙe, gumi ya karyo, malam ya ce ɗakin yana juyawa. Kawu ya dafa kafaɗar maƙwabcina, iska na fita ta giɓinsa, ya ce, "Ɗana, ka gai da Baba. Amma wannan ba namu ba ne."

A mota har da maƙwabcina ake dariya, ya ma fi kowa iya kwaikwayon fuskar Kawu. Sai da muka isa gida ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya fito da wasu 'yan takalma jajaye, ƙanana, da ya saya wa 'yarsa a makon nan. Ya tambaye ni ko na san mai tafiya da zai aika da su. Na ce ai na ɗauka da kansa zai kai.

"Kafin in je sun yi mata kaɗan," ya ce.

Mu haƙori ɗaya muka rasa, muka samu labarin da muke ba wa baƙi har yau. Shi hanyar gida ya rasa. Na gama karatuna na bar shi a can yana hawa rufin mutane a cikin zafi. Tun daga ranar na koyi cewa manomi ba a yi masa alkawarin kasuwa don daɗin hira, domin maganar da ka faɗa kana dariya, shi a kanta zai gina shekararsa.